Gurgun Manet da Wuƙar Layya

Akwai wata baiwar Allah a Bracodi, cikin Adjamé ta Abidjan, sunanta Zuhura. Atamfa take sayarwa a kasuwa, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta da abin da take ji da shi a duniya kamar ƙaninta Shamsuddin. Iyayensu 'yan Nijar ne da suka daɗe a garin. Mahaifin, Malam Ɗan Azumi, ya rasu tun Shamsuddin yana rarrafe, mahaifiyar kuma ta bi shi bara. Daga ita sai shi suka rage a gidan.

Shamsuddin gyaran waya yake yi. Hannunsa na da kyau, amma bakinsa sai a hankali. Da ya rufe shago sai ya toshe kunnuwansa ya faɗa wasan harbi na intanet, irin wanda kake harbin mutumin da ba ka taɓa gani ba, kana zaginsa yana zaginka. Ku da kuke da ƙanne a gida kun san irin ihun da nake nufi.

A cikin wasan nan ne ya haɗu da wani ɗan Treichville mai suna Zaharaddin, ɗan gidan mahauta. Zaharaddin ya lallasa shi lallasawar da ba ta da kyan gani. Shamsuddin ya ce ai reso ne, wato sabis ɗin intanet, ya yanke masa, ba don haka ba wa ya isa. Magana ta yi tsami. Gaskiya ɗaya ce, Shamsuddin ne ya fara ambaton uwa. Zaharaddin ya rama da wanda ya fi shi muni, wani ɗan neman suna kuma ya naɗi muryar ya watsa ta a wayoyin samarin Adjamé. Duk inda Shamsuddin ya gifta sai ya ji ana kunna zagin mahaifiyarsa, matar da ƙasar kabarinta ba ta gama kwanciya ba.

Ran da abin zai faru, da safe Zuhura ta ji shi a waya yana cewa, “Gar ɗin bato na Treichville, bayan La'asar. Ka zo in kai namiji ne.” Tashar jirgin ruwa da ke ƙetare yake nufi. Ta ɗauka cika baki ne irin na kullum, ta tafi kasuwarta.

Bayan Azahar ta dawo gida ɗaukar wani ɗaurin atamfa. Ta miƙa hannu saman kabad, sai ta taɓo tsumman da ake naɗe wuƙar layyar mahaifinsu a ciki. Tsumman yana nan, wuƙar babu.

Ta kira lambar Shamsuddin, a kashe. Ta tsaya tsakiyar ɗaki tana ta juyawa. In ta kira 'yan sanda, ita da hannunta ta kai ƙaninta kurkuku. In ta nufi wajen dattawan unguwa, kafin a gama gaisuwa da tambayar mutanen gida an yi La'asar an gama. In kuma ta zauna, to yau ko dai a kawo mata gawarsa, ko a ce mata ya yi kisa.

A nan idonta ya faɗa kan wani tsohon kwali a ƙarƙashin gado.

Bari in koma da ku baya kaɗan. Malam Ɗan Azumi, kafin rasuwarsa, yana da ɗakin wasa a bakin layinsu. Ba wani abin a zo a gani ba ne: tele guda, wato talabijin, mai ƙaton baya, benci biyu, sai konsol ɗaya, na'urar wasa irin ta da, wadda ake cusa mata kaset. In kaset ɗin ya ƙi tashi, a zaro shi a hura masa iska a mayar. Wasan harbi ne a ciki, mutum huɗu a tele ɗaya, kowa da kusurwarsa. Zuhura a nan ta tashi, kuma tun tana 'yar makaranta babu namijin da ya iya ja da ita. Har daga Treichville wani saurayi mai suna Mika'ilu yakan ƙetaro ruwa duk Lahadi don ya gwada sa'arsa a kanta. Wannan Mika'ilun shi ne yayan Zaharaddin.

Manet huɗu ne, wato abin riƙewa a yi wasan. Uku lafiyayyu, na huɗun 'yar sandarsa ta saki, tana karkacewa, wani lokaci ta maƙale gaba ɗaya. Yara suka sa masa suna Gurgu. Dokar Malam Ɗan Azumi kuwa ita ce, duk wanda ya ci wasa, shi zai riƙe Gurgu a zagaye na gaba. An sha yi masa ƙorafi, bai taɓa sauya ta ba.

Zuhura ta jawo kwalin, ta juye kayan cikin jakar kasuwa, ta fito ko ƙofa ba ta tsaya kullewa ba. Ita kanta ba ta da tabbacin abin da za ta yi da su. Abu biyu kawai ta tuna. Wayar manet ɗin gajera ce, dole a zauna gwiwa da gwiwa. Sannan manet ɗin ba ya riƙuwa da hannu ɗaya.

A cikin mota zuwa Plateau ta yi ta kiran Mika'ilu. Yana ta ƙara, ba a ɗauka. Ta bar masa saƙon murya: “Mika'ilu, Zuhura ce ta gidan Ɗan Azumi. Ƙaninka da nawa za su haɗu a gar ɗin bato. Don girman Allah ka bar abin da kake yi ka zo.”

Ta iso bakin ruwa ana shirin janye gadar shiga bato. Ta kutsa da gudu, jaka na dukan ƙafarta. Can a ƙarshe ta hango Shamsuddin, shi kaɗai, ya zura wa ruwa ido. Ko aboki ɗaya bai ɗauko ba, saboda girman kai. Ta zauna kusa da shi. Ta gefen ido ta ga inda rigarsa ta ɗan tasa a ƙugu.

“Yaya, me kika zo yi?” ya ce, bai ko juyo ba.

“Ba ni wuƙar Baba.”

“Koma gida.”

“Shamsu, ba ni.”

Ya juyo, idanunsa jajur. “Kin ji abin da ya ce a kan Inna? Duk Adjamé ta ji. Yara ƙanana suna kunna mini a bakin shago. C'est fini, Yaya, magana ta ƙare. In kika taɓa ni a nan, wallahi ruwan nan zan faɗa in ƙarasa da iyo.”

Ta san zai aikata. Tun yana yaro haka yake, in aka ja shi ta dama sai ya yi hagu. Ta gyara zama, ta sake murya kamar mai hirar kasuwa.

“To shi ke nan. Amma ka san abin da ake faɗa a kanka? Ana cewa ya ci ka ne ka rasa abin yi, ka ɗora wa reso. Yau ko ka yanka shi, gobe za a ce an kashe gwani saboda an kasa shi.”

“Reso ne! Kowa ya sani!”

“Ba wanda ya sani.” Ta buɗe bakin jakar ya ga abin da ke ciki. “Ga wasan da ba ruwansa da reso. Ba sayen bindiga, ba sayen riga, kowa da ƙaramar bindiga guda yake farawa. Ka ci shi a gaban mutanensa, ido na ganin ido. In ka gama zuciyarka ba ta huce ba, ba zan tare ka ba.”

Ya yi tsaki. “Wannan tarkacen na tsofaffi?”

“Tsoro kake ji?”

Bato ya ci gaba da keta ruwa, ga Treichville tana matsowa, ita kuma tana ta salati a zuci.

Suna sauka ta gan su. Zaharaddin dogo ne siriri, yana tsaye jikin ƙarfen gar ɗin, da abokai uku ƙarfafa a bayansa, duk yaran mahauta. Zuhura ta san irin waɗannan ba sa yawo hannu wofi. Shamsuddin ya nufe su kai tsaye. Fasinjoji suka fara darewa.

“Kai ne mai reso?” in ji Zaharaddin. Abokan suka fashe da dariya.

Hannun Shamsuddin ya fara gangarawa ƙugu. Zuhura ta yi wuf ta shiga tsakaninsu, ta dire jakar a ƙasa.

“Wasa ya haɗa ku, wasa zai raba ku,” ta ce da ƙarfi. “Ƙanina ya ce ba ka isa ka ci shi ba in babu reso a tsakani. Ga konsol na kawo. Ko kai ma sai daga nesa kake iyawa?”

Zaharaddin ya leƙa jakar ya kwashe da dariya. “Tanti, wannan ai na zamanin kakana ne.”

“Na zamanin yayanka ne, marar kunya.”

Muryar daga bayansu ta fito. Mika'ilu ne, yana haki, da rigar aikinsa duk jini, ashe yana kan sarar nama ne lokacin da take ta kira. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi Shamsuddin, sannan ya dubi cikin jakar. Fuskarsa ta sauya.

“Har da Gurgu?” ya tambaya a hankali.

“Har da shi.”

Mika'ilu ya ce gidansu babu nisa, kuma tsohuwarsu har yau ta ƙi rabuwa da telenta mai ƙaton baya, wanda wayar konsol ɗin za ta shiga. Samarin biyu babu wanda ya so, amma babu wanda zai yarda a ce shi ne ya ja da baya. Aka ɗunguma.

A hanya Mika'ilu ya rage tafiya har ya jera da Zuhura. Ya yi ƙasa da murya.

“Gidan uwata zan kai shi. Faɗa mini gaskiya, hannunsa wofi ne?”

In ta ce eh, ta yi ƙarya ta kai makami gidan mutane. In ta ce a'a, a nan kan titi za a yi ta ta ƙare.

“Ni na tsaya masa,” ta ce. “Duk abin da ya yi, a wuyana.”

Mika'ilu ya daɗe yana kallonta. Ya fahimta sarai. Ya ja dogon numfashi ya ce, “To ni zan zauna a bayansa.”

Aka fito da telen tsakar gida, aka jawo benci. Zuhura ta haɗa wayoyi, ta cusa kaset, allo ya yi baƙi. Samari suka fara ƙyaƙyata. Ta zaro shi, ta hura masa iska sau biyu, ta mayar. Sai ga kiɗan nan ya tashi. Mika'ilu ya rufe ido ya girgiza kai kamar wanda ya ji ƙamshin miyar gida.

Mutanen cikin wasan kamar da gatari aka sassaƙa su, fuska ba hanci ba baki. Zaharaddin ya ce wannan ko ido a rufe zai yi shi. Aka fara da mutum huɗu don su koyi hannu. Jama'a, ku zo ku ga gwanayen intanet suna karo da bango. A wasansu na zamani, in an harbe ka sai ka laɓe jininka ya dawo da kansa. A nan kuwa babu wannan gatan, sai ka san lungun da akwatin magani yake, ka je ka ɗauko da ƙafarka. Zuhura da Gurgu a hannunta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kwantar, ta haɗa da Mika'ilu. Matan gidan da suka leƙo suka yi ta shewa. Samarin biyu suka sha kunya tare, kuma wannan ne abu na farko da suka taɓa yi tare.

Ita dai ba wasan take kallo ba. Hannayen ƙaninta take kallo, duka biyun suna kan manet.

Sai aka bar su su biyu, zagaye uku, wanda ya ci biyu shi ne gwani. Gajeriyar waya ta tilasta musu zama a benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. Mika'ilu ya jawo kujera ya zauna daf da bayan Shamsuddin.

Shamsuddin ya fi saurin gane lungunan, ya ci na farko. Ya buɗe baki zai yi zagi kamar yadda ya saba, sai ya juya ya ga fuskar mutum a kusa da tasa, har yana jin numfashinsa. Zagin ya maƙale. Zuhura ta karɓe manet ɗinsa ta miƙa masa Gurgu.

“Wannan fa?”

“Dokar Baba. Wanda ya ci shi ke riƙe shi.”

“Ai zalunci ne!”

“Haka muka ce mu ma,” in ji Mika'ilu daga baya. “Riƙe.”

Ya riƙe, ya kuwa ɗanɗana kuɗarsa. Yana so ya yi dama, Gurgu ya kai shi hagu. Sau biyu sandar na maƙalewa, mutuminsa ya tsaya yana kallon bango, Zaharaddin ya zo ta baya ya harbe shi abokansa na ihu, kafin ya gano cewa in an buga shi a gwiwa yake saki. Jijiyar wuyan Shamsuddin ta tashi. Zuhura ta ga hannunsa na dama ya saki manet ya sauka kan cinyarsa. Ta ga Mika'ilu ya sunkuyo gaba. Sai hannun ya koma inda yake.

Ɗaya da ɗaya ke nan. Gurgu ya koma hannun Zaharaddin.

Ana shirin na ƙarshe sai ga Inna Tabawa, mahaifiyar su Zaharaddin, ta fito daga ɗaki da jug ɗin bisap, wato zoɓo, mai sanyi. Tsohuwa ce mai fara'a, ba ta san komai a kan rigimar ba. Ta zuba wa baƙi, ta tsaya a kan Shamsuddin tana ƙare masa kallo.

“Wanga yaro ɗan wa ne? Ina ganin fuskar Rahamatu a tasa.”

“Ɗanta ne, Inna,” in ji Zuhura.

Tsohuwar ta ajiye jug ta dafa kansa. “Allahu akbar. Mota guda ta kawo mu daga Ƙonni, ni da uwarka, muna amare. Ran da ta rasu ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Allah shi jiƙan Rahamatu. Sha, ɗana, nan gidanku ne.”

Shamsuddin ya karɓi kofin. Wannan ce matar da ya zaga, da bakinsa, ba tare da ya taɓa tunanin tana da fuska ba. Zaharaddin kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon manet. Sai a lokacin ya san cewa wadda ya zaga ba ta duniya.

Aka fara zagaye na uku.

Wannan karon ba ihu. Sai ƙarar harbi daga tele da ƙarar maɓallai. Suka yi ta kai ruwa rana har ya rage harbi ɗaya tak, duk wanda ya samu ɗan'uwansa ya gama. Shamsuddin ya shiga wani dogon lungu, ya sha kwana, sai ga mutumin Zaharaddin a gabansa, tsaye cak, fuska a bango, baya a buɗe. Gurgu ya maƙale. Zaharaddin na ta murza sandar da babban yatsa, gumi na zuba, ta ƙi motsi.

Kowa ya gani, don allon ɗaya ne. Bakin bindigar Shamsuddin yana daidai ƙeyar mutumin. Yatsansa yana kan maɓalli. Abin da ya ƙetare ruwa dominsa ke nan, ga shi an ajiye masa a faranti.

Zuhura ta ga yatsan ya ɗaga.

“Buga shi a gwiwarka,” Shamsuddin ya ce, murya a dushe, idonsa na kan tele. “Ta gefen hagu. Haka yake saki.”

Zaharaddin ya dube shi kamar bai ji daidai ba. Ya buga manet ɗin a gwiwa. Sandar ta saki. Kuma kafin ya yi tunani, hannun da ya saba da wasan intanet ya yi abin da ya saba: ya juya ya harba. Mutumin Shamsuddin ya faɗi.

Abokan Zaharaddin suka yi tsalle. “Ya ci! Ya ci! Yau kuma wane reso ne?” Ɗaya ya zaro waya ya fara ɗauka, yana kai ta daf da fuskar Shamsuddin.

Shamsuddin ya miƙe zumbur. Zaman benci ya riga ya ture abin da ke ƙugunsa, sai kawai aka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Wuƙar layya ta yi 'yar juyawa ta tsaya a tsakiyar fili, tana ƙyalli.

Inna Tabawa ta dafe ƙirji ta yi salati. Mika'ilu ya riga ya miƙe ya cafki kafaɗar Shamsuddin. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗaga kujera sama, wani ya sa hannu a bayan wandonsa.

“Da wuƙa ya shigo gidanmu! A gaban tsohuwa!”

Zuhura ta faɗa gaban ƙaninta ta buɗe hannuwa. Ba ta da sauran dabara, ba ta da sauran magana. Ita ta kawo shi, ita ta tsaya masa, kuma ta san ƙofar gidan tana bayan waɗannan samarin. Abu ɗaya kawai ta iya cewa, tana nuna hannayensa: “Ku duba. Ku duba abin da yake riƙe da shi.” Manet ɗin yana nan a hannayensa biyu, bai sake shi ba.

Zaharaddin ya sunkuya ya ɗauki wuƙar. Zuhura ta rufe ido.

“Ajiye kujerar nan,” ta ji ya ce.

“Zahar, kashe ka ya zo yi!”

“Na sani. Tun ɗazu yana gefena da ita, haƙarƙarina a buɗe. Kuma kun ga ya same ni fuska a bango, ya tsaya ya jira ni.”

“Wancan ai wasa ne!”

“A wasan ma ni na kasa. Sau biyu na same shi haka na harbe shi. Ya jira ni, ni ban jira shi ba.” Ya juya ga mai wayar. “Goge abin da ka ɗauka. Yanzu, ina gani.”

Kujera ta sauka a hankali. Zaharaddin ya juya wuƙar ya kama ta ta tsini, ya miƙa wa Zuhura ƙotar. Sannan ya fuskanci Shamsuddin. Hausar ta gagare shi, ya haɗa da abin da ya samu.

“Mon frère, ban san ta rasu ba. Ko da ma tana raye, bai kamata ba. Yako, sannu da rashi. Ka yafe mini.”

Shamsuddin ya ajiye manet ɗin a benci, ya taka zuwa gaban Inna Tabawa ya durƙusa, ya kifa kansa a ƙafafunta ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Yana ta cewa, “Ni na fara, Inna. Ni na fara zagin ki.” Ran tsohuwar ya ɓaci ƙwarai, kuma tana da gaskiya. Daga baya ta ɗora masa hannu a ka ta ce, “Tashi. Don Rahamatu na yafe. Amma kada in sake ganin ƙarfe a gidana in ba na nama ba.”

Sai a lokacin Zuhura ta zauna daɓas a kan benci, ta naɗe wuƙar a gefen zanenta, hawaye na zuba ba ta ko share su.

Da hankali ya ɗan kwanta, Zaharaddin ya ɗauki Gurgu yana jujjuya shi. Ya nuna wa Shamsuddin bayansa. Shamsuddin, mai gyaran waya, kallo ɗaya ya yi masa ya ce ai ɗan sukuru ne guda ya kwance, juyi biyu zai ɗaure shi ya koma garau. Ya fara laluben aljihu yana neman abin ɗaurewa.

Zuhura ta miƙa hannu ta karɓe manet ɗin.

“Bar shi,” ta ce. “Kana tsammanin Baba bai san da sukurun nan ba? Da idona na gan shi yana kwance shi.”

Mika'ilu ya buɗe baki ya kasa rufewa. Shekara da shekaru yana ƙetaro ruwa yana zagin wannan manet ɗin. Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, dariyar ta kama matan gida, ta kama samarin, har Shamsuddin da hawaye a fuska.

Aka kira Magariba, suka yi alwala a buta ɗaya suka tafi masallaci. Da suka dawo Zaharaddin ya zauna a benci, ya matsa ya bar wa Shamsuddin wuri, ya miƙo hannu wajen Zuhura.

“Tanti, ni na ci,” ya ce. “Ba ni Gurgu.”

Darasi: Zagin wanda ba ka gani abu ne mai sauƙi, shi ya sa wayoyinmu suka cika da shi, amma kowane suna da kake gani a allo mutum ne mai uwa da gida. Tsofaffin wasannin nan da muke rainawa sun zaunar da mu gwiwa da gwiwa, sun koya wa mai nasara ya ɗanɗani abin da mai rauni yake ji. In ka samu abokin hamayyarka a lokacin da ba zai iya kare kansa ba, ka ɗaga masa ƙafa, ko da hakan zai sa ka rasa wasan. Shamsuddin ya rasa wasa, ya koma gida da ransa. Ku tura wannan labari ga duk wani ƙani ko ɗa da kuka san yana ihu shi kaɗai a ɗaki, wataƙila ya karanta kafin ya buɗe baki.